Littafin da ke jaka da majinyacin da ke kan benci

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malam shugaban zama, abokan aiki, ƙannena masu koyon likitancin ido, da ɗalibanmu na sashen awon ido da tabarau da na hango can baya, sannunku da haƙurin jira. An ce in yi magana a kan littattafan da ya kamata mai koyo ya riƙe, shi ya sa kuka gan ni da wannan jaka kamar mai shirin ƙaura. Don Allah a ɗan rage lasifikar nan, tana kuka.

Bari in fara da wanda kowa ya sani. Ga Kanski nan. Tun 1984 da Jack Kanski ya fara fitar da Clinical Ophthalmology a Ingila, da wuya ka shiga ɗakin mai koyon ido ba ka same shi a kan tebur ba. Shi mai littafin ya rasu, wasu suka ci gaba da sabunta shi. Ƙarfinsa hotuna ne da tsari: cuta, alamominta, abin da za ta iya kama da shi, magani. Ina son littafin nan, kuma ina ce wa kowa ya karanta shi daga bango zuwa bango aƙalla sau biyu. Amma shi ne ya taɓa ba ni kunya, ko in ce ni na ba kaina kunya da shi.

Watana na uku ke nan da fara koyo, a wani asibiti da ba sai na faɗi sunansa ba. Wata uwa ta kawo ɗanta, bai fi shekara takwas ba. Farin idonsa ya rine ya koma ruwan ƙasa, kewayen baƙin idon ya yi kauri kamar an zagaye shi da kitse, yaro sai murza ido yake yi. Na buɗe littafin da ke kaina, na laluba, ban ga wannan hoton ba. Hoton da na haddace na ƙaiƙayin idon yara jan ido ne a farar fuska, da ƙuraje jere a ƙarƙashin fatar ido ta sama. Na juya fatar idon yaron, ban ga komai ba. Har na fara tunanin manyan cututtuka. Sai wata tsohuwar nas da ke rubuta kati a gefe, ko ɗago kai ba ta yi sosai ba, ta ce, "Likita, ai ƙaiƙayin nan ne na yara, yau shi ne na biyar." Ita ce da gaskiya. Cutar ɗaya ce, amma a wurin yaranmu ta fi kama kewayen baƙin ido, kuma baƙar fata tana sa idon ya rine maimakon ya yi ja. Bayanin yana cikin littafin, a 'yan layuka. Ni ne na haddace hoto na tsallake layukan.

To wannan shi ne abin da na zo faɗa muku yau. Mafi yawan manyan littattafanmu an rubuta su ne ana kallon wani majinyaci daban, a wata ƙasa daban. Ba laifinsu ba ne. Ko cikin ido in kuka leƙa, na Bature a hoto ja ne fes kamar lemo, namu ya fi duhu. Za ku ga shafuka masu yawa a kan lalacewar tsakiyar retina (shimfiɗar can cikin ido da ke ɗaukar hoto) ta tsufa, don ita ce babbar damuwarsu, sannan amosanin ido da dundumi da hakiyar da ƙyanda ke bari a ba su ɗan gurbi.

Mu kuwa me ke makantar da mutanenmu? Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma abin ya fi tsanani a arewa, musamman arewa maso gabas. Yanar ido ita ke da kusan kashi 43 na makantar, hawan jinin ido wajen kashi 17. Kashi 84 cikin ɗari kuma makanta ce da za a iya karewa ko a warkar. Wannan bincike an buga shi a mujallu, yana intanet. Mai koyon ido a ƙasar nan da bai karanta shi ba, ban san da wane ido zai tsara karatunsa ba.

Shi ya sa nake ɗaga wannan ɗan littafin, duk da ya ji jiki. Eye Diseases in Hot Climates, na John Sandford-Smith. Mutumin nan ya yi aiki a Kaduna, ya koyar a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ya kuma yi aiki a Pakistan. In kana karanta shi sai ka ji kamar yana tsaye a asibitinku. Yana magana a kan yaron da ƙyanda ta kama ga yunwa, baƙin idonsa ya narke cikin kwanaki saboda rashin bitamin A. Yana magana a kan gashin ido da ya juya ciki yana gogar ido bayan shekaru ana fama da amosani. Yana da ɗan'uwa, Eye Surgery in Hot Climates, na tiyata. Ba su da girman kai, ba sa ɗauka cewa kana da na'urar miliyoyi ko wutar da ba ta ɗaukewa. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa. Sai dai ku yi hattara, a fannin magunguna da adadinsu tsohon bugu yana iya yaudararku, nan kam sai sabo.

Akwai abin da ko a manyan littattafan sai dai ku same shi a babin tarihi: soke ido da tsinke a ture yana ta faɗa ciki. A wurinsu labarin da ne. A wurinmu jiya ne, gobe ma za a kawo muku. Binciken nan da na ambata ya tarar kusan rabin idanun da aka taɓa yi wa aikin yana, ta hannun masu sokewar nan aka yi. Dattijo zai zo muku ido ba madubinsa na ciki, wato wanda ya yi yanar, madubin yana kwance can ƙasa, wani lokaci ga kumburi ga hawan jini. Ɗalibai na awon ido, wannan naku ne ma: mutumin nan in idon bai lalace ba, gilashi mai ƙarfin wajen +10 zai iya mayar da shi gona. Haka nan wanda ya zo bayan an ɗiga masa ruwan ganye ko fitsari a lokacin Afolo, ko wanda ya yi wata shida yana sayen maganin ɗigawa mai sitiroyid a kemis har jijiyar gani ta mutu. Tambayar "me aka sa a idon kafin a zo?" ku maishe ta farilla, ko littafi bai ce ba.

Na san abin da ke ranku: jarrabawa. To, ga masu zaman firamare da fat wan, wato jarrabawar matakin farko da na biyu na ƙwarewa, na kwalejin likitoci ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma, ba makawa sai an sha ilimin tushe. Jerin littattafan nan na ƙungiyar likitocin ido ta Amurka, BCSC, juzu'i 13 ne, ana sabunta su a kai a kai. Kada mutum ɗaya ya ce zai saya duka. Ku haɗa kuɗi ku biyar, ku yi karɓa-karɓa. Ƙirar ido kuwa, Clinical Anatomy of the Eye na Snell da Lemp ya isa. Littattafan Indiya irin su Khurana da Parsons suna da araha, kuma majinyacinsu ya fi kama da namu.

Sai ilimin haske, wanda kowa ke gudu. Clinical Optics na Elkington siriri ne, amma ba a karanta shi a kwance. Ka ɗauki fensir da rula ka zana hasken da hannunka, ka ga inda ya karye, inda ya haɗu. Likitocinmu da yawa sun iya cire yana amma ba su iya rubuta tabarau ba, kunya ce ke hana su faɗa. Ku je wurin 'yan'uwanku masu awon ido ku koya, ba faɗuwa ba ce. Ku kuma masu shekara shida a jami'a kuna fama da Borish, wannan ƙaton littafin awon ido da ake iya tokare ƙofa da shi, na ga kun fara dogara da na'urar da ke awo da kanta. Ranar da aka tura ku aikin ƙauye, ko aka kawo yaro ɗan shekara uku da ba zai ce muku "wannan ya fi" ba, retinoskop, 'yar fitilar hannun nan ta awon ido, shi ne kawai zai fishe ku. Kuma kada ku ba mutum ɗan shekara 45 tabarau na karatu ku sallame shi ba ku leƙa jijiyar ganinsa ba. Hawan jinin ido a baƙar fata da wuri yake farawa, da sauri yake ci, kuma ba ya ciwo. Sau da yawa ku ne mutum na farko kuma na ƙarshe da zai leƙa idon nan kafin ya rufe.

Na aljihu: Wills Eye Manual ko Oxford Handbook, zaɓi ɗaya. Na dare ne, lokacin da aka taso ka ƙarfe biyu an kawo wanda ruwan batir ya fallatsar masa. Ko da yake wannan ba ya jiran littafi, ruwa za ka yi ta kwarara masa tukuna. Af, littafin aljihun likitan ido ba sabon abu ba ne. Ali bin Isa na Bagadaza ya rubuta Tazkiratul Kahhalin kusan shekara dubu da suka wuce. Kahhal shi ne mai maganin ido, daga kuhl, kalmar da ta zama kwallinmu.

Akwai kuma Community Eye Health Journal, da ke fitowa daga Landan tun 1988. Kyauta ce, a sauke ta a waya, kuma don ƙasashe irin namu ake rubuta ta. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, akwai bugunta na Faransanci. Tunda na ambaci waya: na san kowannenku yana da littafi ɗari a cikinta. Wani ya nuna mini tasa, na tambaye shi matakan amosani biyar na Hukumar Lafiya ta Duniya, ya kawo uku ya tsaya. Abin da nake so shi ne kowa ya sayi littafin rubutu mai kaurin bango. Duk majinyacin da ya ɗaure maka kai da rana, da dare ka buɗe babinsa, ka rubuta abin da littafi ya ce a shafin hagu, abin da idonka ya gani a shafin dama. Nawa na farko yana nan, yaron nan mai ƙaiƙayi ne a shafi na huɗu.

Malam shugaba yana nuna mini agogo. An miƙo takarda: "Idan kuɗin littafi ɗaya gare ni, wanne zan saya?" In likita ce mai tambayar, Kanski, ko da bugun da ya gabata ne a hannun wanda ya gama. In ɗalibar awon ido ce, ta ajiye kuɗin ta ƙara ta sayi retinoskop nata na kanta, Borish yana laburare. Sandford-Smith kuwa zan bar wannan a wurin wakilin aji har mako biyu. A rubuta suna kafin a ɗauka, don na farko da na ba da aro bai dawo ba. Wassalamu alaikum.