Darasi: Me ya sa fentin feshi yake ɓaci a jikin ƙaramar roka?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Bari in matso da rokar nan kusa da kyamara. Kun ga wajen fikafikan nan? Fentin ya yamutse kamar busasshen tumatir. Ni na yi wannan ɓarnar da hannuna, na kuma ajiye ta saboda darasin yau.

Ga wanda yau ya fara kallonmu, irin ƙananan rokokin nan ne da ake harhaɗawa a gida, kamar na kamfanin Estes da ke jihar Kolorado a Amurka, wanda aka kafa a 1958. Jikin bututun kwali ne, fikafikan katakon balsa mara nauyi, kan kuma roba. Abu uku ke nan, kowanne da yadda yake shan fenti.

To, me ya jawo yamutsewar? Fentin gwangwani daga sama yake fara bushewa. Ka taɓa ka ji ya bushe, alhali ƙasansa ɗanye ne, tinar ba ta gama fita ba. Kana fesa sabo a kai, tinar sabon sai ta ratsa ta jiƙa na ƙasan, ya kumbura, fatar saman ta tattare. Shi ya sa ake rubuta lokaci a bayan gwangwani, rubutun nan ƙanana da ba ma karantawa. A yawancin gwangwanayen Rust-Oleum za ka ga an ce ka ƙara shafi na biyu cikin awa ɗaya, in ka wuce haka ka jira awa 48. Ni kuwa na fesa da yamma, na sake fesawa da safe, na faɗa tsakiya. Ni yanzu ko awa 48 ɗin ta cika, sai na kai rokar hancina. Muddin ina jin warin tina, ba na taɓa ta, ko da za ta yi mako guda.

Akwai kuma haɗa fentin da ba sa jituwa. In an rubuta lacquer a jikin gwangwani, tinarsa tana da zafi, kada ka ɗora shi a kan mai rubutun enamel, zai cinye shi nan take. Firaima, wato fentin shimfiɗa na farko, kala, da na sheƙi, ka saya duk na kamfani ɗaya, kuma ka fara gwadawa a kan guntun kwali. Gyaran wanda ya riga ya yamutse babu wata dabara: a bar shi ya bushe ƙarau, a goge da samfefa mai lamba 320 har ya kwanta, a sake firaima.

Sai zubar fenti, wanda yake gangarowa kamar hawaye. Wannan hannu ne ya yi nauyi, ko an matso da yawa. Ku duba yadda nake yi. Na zura sanda ta ƙasan rokar, inda injin yake shiga, don in riƙa juya ta. Tazara kamar santimita 25 zuwa 30. Ina danna bakin tun kafin in iso jikinta, in wuce, sannan in saki. Shafin farko ko ana hango firaima ta ciki, ba komai, na uku zai rufe. In ya zubo, don Allah kada ka sa yatsa. Bari ya bushe ka goge da lamba 400, kuma a yi hankali da ruwa wajen gugar, kwali ne.

In kuma ka shafa ka ji gurzi-gurzi kamar yashi, fentin ya bushe a iska ne kafin ya sauka. Nisa ya yi yawa, ko rana ta take. A zafin watan Afrilu kada ka fesa da tsakar rana, yi da sassafe a inuwa. Da damina matsalar daban ce: laima tana shiga fentin, sai sheƙin ya dushe ya yi fari-fari kamar hazo. Ranar da hadari ya haɗu a haƙura. Da hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba, ni babban kwali nake kifawa a kan rokar da zarar na gama. In gwangwanin ya yi sanyi, tsoma shi a ruwa mai ɗumi na 'yan mintuna. Mai ɗumi na ce, ba tafasasshe ba, kuma kada ya kusanci wuta, fashewa yake yi.

Ƙananan ramukan nan masu kama da idon kifi, maiƙo ne, na hannu ko na masana'anta a jikin robar. A wanke kan da ruwan sabulu kafin a fara.

Gwangwani mai tofi kuma, girgiza shi minti biyu bayan ka fara jin ƙarar ƙwallon ciki. In bakin ya toshe, cire shi ka jiƙa a tina. Kada ka soka allura a cikin gwangwanin kansa.

Abu ɗaya da ya taɓa cinye mini roka sukutum: na fesa har wuyan kan, inda yake shiga bututu. Ya manne, a sama ya ƙi fita, lemar da ke cikin bututun don sauko da ita a hankali ba ta buɗe ba, rokar ta dawo ƙasa da ka. Ku naɗe wuyan da salatif na takarda kafin feshi.

To, bari in sa takunkumi in ɗauko samfefa, mu fara da wannan fiffiken na hagu.