Tsohuwar Mota a Birtaniya: Yadda Ake Cire Ta Daga Biyan Harajin Hanya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Yau ba za mu taɓa sifana ba, aikin takarda za mu yi. Auta, ja baya kaɗan da wayar su ga motar gaba ɗaya. Yauwa. Ga ta nan, Fijo 504, ƙirar 1982, daga Faransa na ɗauko ta. Duk wanda ya tashi a Arewa ya san wannan fuskar, ko dai mahaifinsa ya hau ko kuma ta kai shi Kaduna daga tasha. Tun da na sa hotonta mutane ke tambayata wai da gaske ne ba na biya mata harajin hanya a nan Birmingham? Da gaske ne. Amma sai da na je na nema, kuma zuwan farko koro ni aka yi.

To, dokar ita ce shekara 40. Mota ta kai shekara 40, kana iya mayar da ita rukunin motocin tarihi, harajinta ya koma sifili. Ita kuma shekara 40 ɗin tafiya take yi, kowace shekara ana matsar da ita gaba. Da can an daskarar da ita ne a kan motocin da aka ƙera kafin 1973, ta daɗe a haka, sai a 2014 aka sake ta. Wannan kowa ya sani. Inda ake faɗawa rami shi ne lissafin ranar, kuma a nan zan ɓata muku lokaci, ku yi haƙuri.

Ba ranar da motarka ta cika 40 ake dubawa ba. Ana duba 1 ga Janairu ne, sannan ƙofa ba ta buɗewa sai 1 ga Afrilu. Bari in ɗauki 2025 misali. Daga 1 ga Afrilun 2025, motar da aka ƙera kafin 1 ga Janairun 1985 ta shiga. Kafin, na ce. Wadda aka ƙera ranar 2 ga Janairun 1985 ba ta shiga ba, sai ta jira Afrilun 2026. Kun ga kwana biyu kacal ya ja mata shekara guda.

Ni tawa watan Maris na 1982 aka ƙera ta. Maris ɗin 2022 ya yi, na ce alhamdulillahi ta cika arba'in. Afrilu na kamawa na sa hula na tafi gidan waya da takarduna, ina ta murna. Matar da ke wurin ta danna, ta danna, ta ce mini ba ta isa ba. Na ce yaya ba ta isa ba, ga shekarar nan a rubuce. Ashe a shekarar nan motocin kafin Janairun 1983... a'a, na yi kuskure, kafin Janairun 1982 ake karɓa. Tawa sai Afrilun 2023. Haka na zaro kusan fam 300 na biya, don injinta ya haura 1549cc, kuma motocin da aka yi wa rajista kafin Maris na 2001 da girman inji ake yanka musu haraji. Laifina ne, ban karanta da kyau ba. Don haka ka ɗauki shekarar ƙirar motarka, ka ƙara 41, Afrilun wannan shekarar shi ne naka. 1982 da 41, 2023. Shi ke nan.

Akwai kuma bambancin ranar ƙira da ranar rajista. Idan ba a san ranar da aka ƙera ta ba, amma an yi mata rajistar farko kafin 8 ga Janairu na shekarar, ana karɓa, don an san ba a ƙera mota a sayar da ita cikin mako guda. Wanda kuma tasa aka ƙera a Nuwamba ko Disamba, ta yi zaman jiran mai saye har Fabrairu, to kada ya zauna. Ya nemo shaidar ranar ƙira daga kundin kamfanin, ya aika wa DVLA, hukumar rajistar motoci da ke Swansea, su gyara. Shekara guda ce zai tsira da kuɗinta.

Matso nan ka nuna musu teburin. Wannan ja ɗin ita ce V5C, takardar mallaka, dole sunanka ne a kai. A wurin canjin rukunin haraji ka rubuta Historic. Wannan kuma V11 ce, wasiƙar tunatarwa da suke aikowa, in kana da ita ka haɗa, in babu ba komai. Sai shaidar MOT, wato gwajin lafiyar mota, ko kuma wannan 'yar takardar, V112, zan dawo kanta. Mutanen Ireland ta Arewa ku ƙara da takardar inshora. Karon farko ba a yi a intanet, sai ka taka zuwa gidan wayar da ke karɓar harajin mota, kuma ba kowane reshe ke yi ba, ka duba kafin ka fita. Su za su riƙe V5C ɗin su aika, sabuwa ta zo maka gida bayan 'yan makonni. Ni kullum nakan ɗauki hoton gaba da bayanta kafin in miƙa. Idan da sauran cikakkun watanni a harajin da ka riga ka biya, za a dawo maka da kuɗinsu.

Sannan duk shekara sai ka sabunta. Eh, sifili ne, amma sai ka shiga ka danna. Wani ɗan uwa mai Marsandi ya ce mini tunda kyauta ce me zai sabunta, sai ga wasiƙar tarar fam 80. In ba za ka hau ta ba, ka yi mata SORN, wato sanarwar cewa ta bar titi, ka ajiye ta a gareji, ba a bakin titi ba. Inshora kuwa babu wanda ya yafe maka ita.

Yanzu MOT, gwajin lafiyar mota. Shi agogonsa daban. Tun Mayun 2018, mota ta cika shekara 40 cif, ba sai an jira Afrilu ba, ta fita daga tilascin gwajin. Shi ya sa tawa ta yi shekara guda ba ta buƙatar MOT amma tana biyan haraji. V112 ɗin nan ita ce kake sa hannu ka ce motata ta cancanta. Sharaɗin shi ne ba a yi mata babban sauyi cikin shekara 30 da suka wuce ba, a shasi, ko bodi, ko aksil, ko inji. A nan halinmu na gida yake kama mu. Ka san bakanikenmu, injin Fijo ya gaji sai ya ce Alhaji mu dasa mata na Toyota mu huta. A can dabara ce, a nan ka mayar da ita layin gwaji. Amma in ka cire injin 504 ka sa wani irin wanda kamfanin ya saba sa mata, wannan ba matsala.

Ni dai ra'ayina, kowace shekara ina kai ta gwajin duk da ba dole. Kuɗin bai wuce fam 54.85 ba. Ba ni da ramin shiga ƙarƙashinta, kuma tsatsa a ƙasar nan ba ta sallama, ga gishirin da suke zubawa a titi lokacin sanyi. In ɗan sanda ya tare ka da burki marar kyau, ba zai tambayi shekarunta ba, tara tana iya kai fam 2,500 da maki uku a lasisi.

Kada kuma ka ce za ka yi tasi da ita, ko ɗaukar amare a biya ka, ko dakon kayan shagonka. Da zarar ta zama ta neman kuɗi, yafiyar harajin ta tashi.

Daɗin da ya fi mini ma ba harajin ba ne. Landan suna karɓar fam 12.50 a rana na ULEZ, wato kuɗin gurɓata iska, daga tsofaffin motoci, tsakiyar Birmingham fam 8. Motar da ke rukunin tarihi ba ta biya. Amma fa sai ta shiga rukunin a takarda, tsufa kaɗai bai isa ba. Baƙar lamba mai rubutun azurfa kuwa, wadda kowa ke sha'awa, sai ƙirar kafin 1 ga Janairun 1980. Wannan ba ta matsawa, an tsayar da ita. Tawa ta makara da shekara biyu, ga ta nan da fara a gaba, rawaya a baya.

Masu son shigo da ita daga waje, a gurguje. Ka sanar da HMRC, hukumar haraji da kwastan, ta NOVA, tsarinsu na sanar da isowar mota, cikin kwana 14 da isowarta. In ta haura shekara 30, tana yadda aka ƙera ta, kuma an daina yin irinta, tana iya shiga a matsayin kayan tarihi ƙarƙashin lambar kwastan 9705: babu kuɗin fito, VAT kashi 5 maimakon 20. Ka faɗa wa wakilinka na kwastan tun kafin jirgi ya iso. Sai fom ɗin rajista V55/5 da fam 55, a ba ka lamba mai dacewa da shekarunta. In babu shaidar shekaru, lamba mai Q za a manna maka, kuma ba ka so.

Wani ya rubuto wai mahaifinsa ya bar 504 a Zariya, yana so ya kawo ta. Allah ya jiƙan Baba. Amma ɗan uwa ka duba shekararta tukuna. Faransa ta daina ƙera 504 ta ɗaukar mutane tun 1983, saboda haka duk irinta ta can ta riga ta wuce arba'in. Kaduna kuwa daga 1975 aka fara haɗa ta, aka ci gaba har bayan 2000. Za ka ga mota da fuskar tsohuwa, ashe 'yar 1998 ce, sai 2039 za ta huta da haraji. Ka sa a karanto maka lambar shasi, a nemo takardun asali, a kuma leƙa ƙarƙashin bonet a ga wane inji ne a ciki.

Af, fitilu. Sitiyarinta a hagu yake kamar na gida, don haka hasken fitilar gaba yana karkata ne zuwa idon mai tahowa. Dole a gyara kafin gwajin farko. Ina da saura biyu na ɓangaren Ingila da na sayo lokacin da nake neman nawa, da kabureta guda wadda na wanke. Mai so ya yi magana, ba zan tsawwala ba. Auta, miƙo mini makullin can, mu tayar da ita su ji, tun jiya ban kunna ta ba.