Takardar shiga soja ta 'yata tana cikin jakata, ban sa hannu ba tukuna

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau ba a kicin za ku gan ni ba, miyar taushen da na yi muku alkawari sai wani satin in Allah ya kai mu. Ina cikin mota ne a kudu maso gabashin Houston, na kashe inji, shi ya sa kuke ganin gumi yana keto min. Yau 30 ga Satumba, amma zafi kamar Afrilun Kano, ga shi nasu na nan mai danshi ne, yana manne wa mutum a jiki. Bari in juya muku kyamara. Kun ga bangon can? Kun ga yarinyar da aka zana da kakin soja tana murmushi? Furannin da ke ƙasa duk na yau ne, tun da na tsaya mata uku sun zo sun ajiye sun tafi. Sunanta Vanessa Guillén. Yau ranar haihuwarta ce, an haife ta a 1999, kuma a dokar jihar Texas yau ranarta ce, sukutum.

Abin da ya kawo ni nan yana cikin jakar nan. Sati uku ke nan babbar 'yata ta dawo daga makaranta da takardu. Masu ɗaukar sabbin sojoji sun kafa teburi a makarantarsu, sun yi musu bayani, ita kuma abin ya shiga ranta. Shekararta 17, a nan kuwa wanda bai kai 18 ba sai iyaye sun sa hannu. Ta ce, "Umma, in na yi aikin za su biya min kuɗin jami'a, ke da Abba ku huta." Wallahi sai da na juya baya don kar ta ga idona. Yarinyar da ke cikin na gaba-gaba a ajinsu, malamanta har kirana suke yi suna yaba ta, ita ce take lissafin yadda za ta sauke mana nauyi. Kuma lissafinta daidai ne. Haya kaɗai dala 1,600 take cinye mana duk wata, ga inshorar mota biyu, ga abin da ake turawa gida. Na karɓi takardar na ce ta ba ni lokaci.

Sai na fara bincike, dare bayan dare, in na dawo daga aiki. Shekarun da na yi a garin nan ina wuce hoton yarinyar nan a bango, na san an kashe ta, amma ban taɓa zama na bi labarin daga tushe ba.

'Yar garin nan ce, iyayenta daga Meziko suka zo, baƙi irinmu masu neman na kai. Ta gama sakandare ta shiga soja, aka kai ta barikin Fort Hood, tafiyar kamar awa uku daga nan, aikinta gyaran bindigogi. Kafin ta ɓace ta gaya wa mahaifiyarta cewa wani na gaba da ita yana damunta da maganganun lalata, amma tana tsoron kai ƙara. Ranar 22 ga Afrilu 2020 aka neme ta aka rasa, a cikin bariki fa, wurin da ko kare ba ya shiga sai an duba. Sama da wata biyu uwar da 'yan uwanta mata suna tsaye a ƙofar barikin suna kiran sunanta. Sai 30 ga Yuni aka tsinci gawarta a kusa da kogin Leon. Sojan da ake zargi da kisan ya harbe kansa da 'yan sanda suka cim masa, budurwarsa da ta taya shi ɓoye gawar aka ɗaure ta shekara 30. Vanessa kuwa shekararta 20 jama'a. Shekara uku kacal ta girmi tawa.

Daga baya rundunar soja da kanta ta tabbatar cewa lallai an ci zarafinta da irin waɗannan maganganu, kuma na gaba da ita sun ji ba su ɗauki mataki ba. A Disambar 2020 aka cire ko aka dakatar da shugabanni 14 a barikin. Dubban mata da maza da suka taɓa sa kaki suka fito a intanet kowa yana cewa shi ma Vanessa ne, yana ba da nasa labarin.

To ga inda raina ya yi fari, kuma ga inda ya ɓaci, duk a wuri ɗaya.

A 2021 majalisar dokokin Texas ta yi doka da sunanta. Wani sanata daga El Paso, César Blanco, shi ya kawo ƙudurin, Gwamna Greg Abbott ya sa hannu, ta fara aiki 1 ga Satumba na shekarar. Dokar ta ce a naɗa jami'i na musamman da wadda aka yi wa fyaɗe za ta je wurinsa, wanda ba ya ƙarƙashin kwamandanta. In za a yi bincike a miƙa wa Texas Rangers, 'yan sandan binciken jiha, ba abokan cin abincin wanda ake zargi ba. Kuma a taimaka mata ta samu takardar kotu da za ta hana mutumin kusantarta. Sannan a 2023 suka sake yin wata dokar da ta ware ranar yau don tunawa da ita da wayar da kai kan fyaɗe da cin zarafi a cikin soja. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. 'Yar baƙi, ƙaramar soja, uwarta ko Turanci ba ta yi sosai, da Sifaniyanci take kukanta a gaban kyamara, amma sai da jiha mai mutum sama da miliyan 30 ta rubuta sunan 'yarta a littafin doka.

Amma ku saurara da kyau. Dokar 2021 ɗin nan dakarun jiha ta shafa, waɗanda gwamna ke da iko da su, irin su National Guard na Texas. Fort Hood na gwamnatin tarayya ne. Ma'ana da Vanessa tana raye, dokar da ke ɗauke da sunanta ba za ta kai inda take ba. Da na gane haka sai da na ajiye waya na tashi na sha ruwa. Na su Vanessa sai da aka je Washington. A ƙarshen 2021 Shugaba Biden ya sa hannu a dokar kasafin tsaro da ta ƙwace hukuncin gurfanarwa kan fyaɗe daga hannun kwamandoji ta ba wa lauyoyin soja masu zaman kansu, kuma ofisoshin nasu ba su fara aiki ba sai Disambar 2023. Da can kwamandanka ne zai ce a kai maganar kotu ko a binne ta, ko da wanda ake ƙara na hannun damansa ne. Kura ce da tsaron awaki.

Wannan raba iko tsakanin jiha da tarayya ai mun san shi a gida. Dokar hana cin zarafi ta 2015 Abuja kaɗai ta shafa, sai da kowace jiha ta zauna ta amince da tata, wasu suka yi shekaru suna jan ƙafa. Ko nan majalisar Texas sau ɗaya take zama a shekara biyu, kwana 140, in ƙudurinka bai wuce ba sai ka jira zagaye na gaba.

Akwai wata da muke aikin dare tare a gidan kula da tsofaffi, da izininta nake faɗar wannan. Tsohuwar soja ce, ta girme ni. Na daɗe ina lura ba ta zama ta ba ƙofa baya, in an taɓa kafaɗarta ba zato sai ta zabura kamar an watsa mata ruwan zafi. Da na gaya mata maganar 'yata sai ta yi shiru, can wajen ƙarfe uku na dare ta ba ni labarin abin da aka yi mata. Ta fi shekara 20 ba ta gaya wa kowa ba, har mijinta. Ita ta sanar da ni cewa hukumar kula da tsofaffin sojoji, VA, tana tambayar duk wanda ya zo asibitinsu ko an taɓa yi masa irin wannan a lokacin aiki. A ƙididdigarsu mace 1 cikin 3 tana cewa e, namiji 1 cikin 50. Kar ku raina na mazan, don maza sun fi yawa nesa ba kusa ba a soja, in aka ƙirga kai-kai suna da yawa ƙwarai, kuma su ne suka fi haɗiye abin. Magani kyauta ne a can, ba a tambayar shaida, ba a cewa me ya sa ba ki kai ƙara a lokacin ba. Ta ce da ta san haka tun farko da ba ta yi shekarun nan tana kwana ido biyu ba. A nan na fahimci amfanin ranar da jiha ta ware, ba don furanni ba, don irinta su ji a rediyo cewa akwai ƙofar da za su ƙwanƙwasa.

Sai ta tuna min da kawuna, Allah ya jiƙansa. A barikin Bukavu na Kano muke kai masa ziyara muna yara, yana saya mana rake da gyaɗa. Ya je Laberiya aikin ECOMOG ya dawo ba ya magana, ya zauna a ƙofar gida tun hantsi har magariba. Nasa ciwon na yaƙi ne, daban da wannan, amma shirun iri ɗaya ne. Mu dai abin da muka iya shi ne a yi haƙuri, a rufa asiri, wa zai aure ta in an ji. Na tashi da wannan tarbiyya, kuma akwai alheri mai yawa a kunyarmu, amma a wannan wurin kam mai laifi take yi wa sutura.

Iyaye 'yan uwana da ke nan Amurka, musamman masu katin zama da ake kwaɗaita wa 'ya'yansu da saurin samun takardar ɗan ƙasa, ni dai ga abin da zan gaya muku. Kar ku sa hannu a ranar da aka kawo takarda. Ku tambayi yaron wane ɓangare zai shiga, na jiha ko na tarayya, don dokar da za ta kare shi ta bambanta. Ku sani tun 1950 Kotun Ƙoli ta toshe wa soja hanyar kai gwamnati ƙarar neman diyya kan abin da ya same shi a bakin aiki, kar ku ɗauka lauya zai gyara komai daga baya. Kuma rahoton fyaɗe a soja iri biyu ne. Akwai na sirri, a duba lafiyarki a ba ki mai ba da shawara ba tare da an buɗe bincike ba, akwai kuma buɗaɗɗe da ke jawo bincike. Na sirri ana iya buɗe shi daga baya, buɗaɗɗe ba ya komawa sirri. Yarinya ta san wannan kafin ta sa ƙafa a bariki, ba ranar da take kuka ba. Tsohon soja kuma da abin ya yi wa nauyi har yana tunanin halaka kansa, 988 zai kira ya danna 1.

Shekaranjiya na zaunar da 'yata bayan isha'i, Abbanta yana wurin. Ban taɓa furta kalmar fyaɗe a gaban 'yata ba sai ranar, bakina har rawa yake yi. Na ce mata, ko soja, ko jami'a, ko gidan miji, duk wanda ya taɓa ki ko ya gaya miki maganar banza, ni za ki fara kira, kuma ba zan tambaye ki me kika sa ba. Abbanta ya ce, "Ni ma haka." Ta sunkuyar da kai ta ce, "To Umma."

Ta ce tana son ta zo ta ga bangon nan da idonta, don haka da an tashe su ƙarfe uku zan ɗauko ta mu dawo. Kafin nan zan biya ta titin Bissonnet in sayi daddawa, 'yar mitsitsiyar leda dala 6, ta ƙare mana tun jiya. Bari in tayar da motar nan in kunna sanyi. Sai mun haɗu.