Sharhi: Ginin da ya tsaya a linta

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka.

Duk wanda ya saba zagawa bayan gari, Kano ne ko Kaduna ko Maraɗi, ya san irin ginin da zan yi magana a kai. Ga shi nan ya kai linta ya tsaya cak, rodi ya leƙo sama har ya yi tsatsa, ciyawa ta fito a inda za a yi falo, can gefe an jibge ragowar bulo damina biyu tana dukansa. Mai ginin yana nan da ransa fa, yana gidan haya yana jiran kwasar adashe ko kuɗin sallama ya zo ya ɗora kwano. Haka akasarinmu muke mallakar gida, ɗaki ɗaya bana ɗaki ɗaya baɗi, wani ma sai ya aurar da 'yarsa kafin ya samu ya yi filasta.

To akwai ƙungiyoyin da aka kafa takanas saboda wannan matsalar, kuma da yawanmu ko sunansu ba mu taɓa ji ba. Tun 1984 bankunan bayar da bashin gida da kamfanonin gine-gine na Afirka suka haɗu suka kafa ƙungiyar AUHF, duk shekara suna taro, kuma cibiyar CAHF da ke Johannesburg wadda ke aiki tare da su tana fitar da littafi shekara-shekara kan halin da harkar gidaje ke ciki a kowace ƙasa ta nahiyar. Akwai Shelter Afrique a Nairobi, mai ba da kuɗin gina gidaje, da gwamnatocin Afirka suka zuba jari a ciki. A Najeriya kuma ga MBAN ta bankunan bashin gida, ga REDAN ta masu gina rukunin gidaje.

Kar wani ya ce ai taro da shan shayi kawai suke yi, a'a, akwai aikin da suka yi na gaske kuma sai an fahimci inda gizo ke saƙar sannan za a gane amfaninsa. Kuɗin da ke hannun banki na ajiyar mutane ne, yau ka ajiye gobe ka zo ka ce a ba ka kayanka, to ta yaya bankin zai ɗauki irin wannan kuɗin ya ba wani bashin shekara ashirin? Shi ya sa aka matsa har aka kafa kamfanin NMRC a Najeriya, wanda aka ƙaddamar a watan Janairun 2014 bayan Bankin Duniya ya ware dala miliyan 300 ga shirin, bankuna suka sayi hannun jari a ciki, aikinsa shi ne ya nemo kuɗi mai dogon zango a kasuwar jari ya miƙa wa bankunan su kuma su samu sukunin ba da bashi mai tsawon lokaci. Maƙwabtanmu masu kashe sefa sun riga mu, tun 2010 suke da irin wannan kamfani a Lome mai suna CRRH, kuma Nijar na cikin ƙasashe takwas da yake wa aiki. An kuma tsara samfurin dokar jinginar gida don jihohi su ɗauka, Kaduna ta yi tata a 2017.

Duk na yaba da wannan, har ga Allah. Amma ina mai ginin can da muka baro a linta, shi me ya iso gare shi?

Mu ɗauki asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992. Ana cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, in ya cika sharuɗɗa bankin bashin gida na gwamnatin tarayya, wato FMBN, ya ba shi bashi da ruwan kashi 6, ya biya cikin shekaru har talatin. A takarda abin sha'awa ne. Sai ka shiga ofis a ce kawo takardar albashi, kai kuma tela ne ko mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, cinikinka na wata ya fi albashin darakta wataƙila amma ba ka da takardar da za ta nuna haka. A ce kawo shaidar mallakar fili mai sa hannun gwamna, domin tun dokar filaye ta 1978 ba a jinginar da fili sai da yardar gwamna, kai kuma abin da ke cikin akwatinka 'yar takardar ciniki ce guda ɗaya da ta ninku har ta fara yagewa, da sa hannun mai unguwa da shaidu biyu, kowa a unguwa ya san filinka ne amma a wurin banki kamar ba ka da komai. In ka ce to bari ka je bankin kasuwanci, a ƙarshen 2024 ma'aunin ruwan Babban Banki kansa ya kai kashi 27.5, ga siminti da ya haura naira dubu goma buhu a farkon 2024.

Sannan ga maganar da ba a cika faɗinta a waɗancan tarukan ba, wato riba. Akwai dubban magidanta a wajenmu da ko kashi ɗaya aka ce musu ruwa ne ba za su karɓa ba, sun gwammace su mutu a haya, kuma wannan ba jahilci ba ne, addininsu ne. Tun 2012 bankin Jaiz ke aiki, wasu sun biyo baya, hanyoyin ijara (banki ya saya ya ba ka haya) da murabaha (banki ya saya ya sayar maka da ƙarin da aka amince a kai) sanannu ne, saura a same su da yawa kuma da arha a harkar gida.

Kenya ta yi wani abu da ya kamata MBAN da REDAN su duba da kyau. Da suka tashi kafa nasu kamfanin, KMRC, a 2018, ba bankuna kaɗai suka kira ba, sun shigo da ƙungiyoyin gama-kai na ajiya da lamuni da suke kira SACCO a matsayin masu hannun jari, saboda su ne suka san malamin makaranta da direba da mai kanti ido da ido. Mu ma muna da irin wannan ai. Shugaban 'yan kasuwar Singa ya san wanda ke cika alƙawari a layinsu fiye da kowace kwamfuta, uwar adashe tana da littafin zubi na shekara da shekaru ba fashi, wannan littafin shaida ce da ya kamata banki ya karɓa.

Roƙona ga waɗannan ƙungiyoyi, a taronsu na gaba su ba shugabannin kasuwa da magina kujera su zauna a yi da su, a matsa wa gwamnoni su sauƙaƙa kuɗi da jeka-ka-dawon takardar fili, sannan a fito da ƙaramin lamuni marar ruwa na mataki-mataki, na rufi daban, na ƙofa da taga daban, na shadda da rijiya daban, wanda mutum zai biya cikin shekara biyu ko uku ya dawo ya karɓi na gaba. Mai ginin nan ba gidan miliyan hamsin yake nema ba, bandir ɗin kwano kaɗan da katako da kuɗin kafinta yake nema kafin ruwa ya sauka.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.