Darasi: Yadda ake kwashe sabar gaba ɗaya kafin a ƙara mata faifai

Malam: Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan uwa masu kallo, barkanmu da warhaka, daga nan Samaru a Zariya. Yau ga sabar a gabanmu, Ubuntu ce a kanta, wato wani nau'in Linux, faifanta gigabait 500, kuma ta cika maƙil. Ga sabon faifai na terabait 4 a kwali, amma ba za mu buɗe shi ba tukuna. Wanda zai fasa bangon rumbu ya faɗaɗa shi, hatsin yake fara kwashewa. Ɗalibina yana gefe, duk inda ya ga na yi sauri zai tsayar da ni.

Mu fara da duba. Na rubuta df -h, ga shi a allo, kashi 98 cikin 100 ya tafi. Sai lsblk -f, wanda ke nuna kowane faifai da yadda aka yanka shi, da irin tsarin fayil ɗinsa, ext4 ne ko XFS, da lambarsa ta UUID. Ku ɗauki wannan a hoto da waya, ku kuma rubuta a takarda, domin ranar da sabar ta ƙi tashi ba a cikinta za ku karanta ba. Sannan smartctl -a, don a san lafiyar tsohon faifan. Layuka biyu nake nema, Reallocated_Sector_Ct da Current_Pending_Sector. In na biyun ya wuce sifiri, faifan ya fara ciwo, kuma karanta shi daga farko har ƙarshe wahala ce a gare shi. A irin wannan hali, abin da ya fi muhimmanci ake fara cirewa, sauran su biyo baya.

To, ina bakap ɗin, wato kwafin ajiyar, zai sauka? Ba a cikin wannan sabar ba. Ina roƙonku da girman Allah ku riƙe wannan. Mutum zai haɗa fayil ɗin tar, wato ƙunshin fayiloli, ya ajiye a faifan da dama ya cika, ɗan wurin da ya rage ya ƙare, rumbun bayanai ya nemi inda zai rubuta ya rasa, ya tsaya cak aiki na tsaka. Ko da ma akwai wuri, ai faifan da za mu taɓa ke nan. Duk abin da ya same shi ya sami kwafin.

Ɗalibi: Malam, to in sabar tana da RAID fa? Faifai biyu ne, kowanne da kwafin ɗan uwansa.

Malam: Madalla da ka tambaya. RAID 1 yana tsare ka ne daga mutuwar faifai ɗaya. Amma in ka goge folda, ko ka ɓata teburin fatishan, wato taswirar yankan faifai, a cikin daƙiƙar nan kuskuren zai sauka a kan duka biyun. Haka hoton bayanai da ake ɗauka da LVM, tsarin Linux mai haɗa faifai su zama wuri ɗaya, a gida ɗaya yake zaune da asalin. Yana da amfaninsa, amma ba shi muke nufi ba yau.

Ga faifan waje, terabait 1. Irin waɗannan in ka saya a Sabon Gari, yawanci da NTFS ko exFAT suke zuwa, don masu Windows aka shirya su. In ka zuba fayilolin Linux a haka, bayanin mai fayil da izinin kowane fayil ba za su biyo yadda suke ba, ran da ka mayar kuma sai manhajoji su ƙi tashi. FAT32 kuwa ba ya ɗaukar fayil da ya kai gigabait 4. Don haka na yi masa fomatin zuwa ext4, na ɗaura shi a /mnt/bakap.

Abu na farko da zai shiga ƙarami ne ƙwarai, taswirar faifan. Umarnin sfdisk -d /dev/sda, a juye sakamakon cikin fayil a faifan waje. Mai LVM ya ƙara da vgcfgbackup. Fayil ne da bai kai saƙon waya biyar ba, amma da shi ake mayar da yankan faifai daidai yadda yake.

Yanzu rumbun bayanai, kuma nan zan daɗe, don nan ne aka fi yin asara. Sakamakon ɗalibai, lissafin albashi, katin marasa lafiya, duk a nan suke. MySQL, manhajar rumbun bayanan, yana aiki, wani abu yana ƙwaƙwalwa, wani yana kan hanyar sauka a faifai. In ka kwafi foldar /var/lib/mysql a wannan yanayi, za ka ga fayiloli sun cika, girmansu daidai, ranka ya yi fari, alhali cikinsu rabi da rabi ne. Abin da ake yi shi ne mysqldump, da --all-databases, da --single-transaction, a matse da gzip, a sauke kai tsaye a /mnt/bakap. Wannan --single-transaction ɗin yana ba ka hoton bayanan na lokaci guda ba tare da an tsayar da masu aiki ba, amma ga tebura irin na InnoDB kawai. Tsofaffin manhajojin makarantu da yawa suna da wani irin tebur dabam, MyISAM. In naka haka ne, ka jira a tashi daga aiki, ka rufe manhajar, sannan ka kwasa. Mai PostgreSQL, pg_dumpall ne nasa.

Sai sauran fayiloli, da rsync, manhajar kwafi. Tun 1996 ake amfani da ita, kuma ina son ta ne saboda dalili ɗaya da ya shafe mu a nan: in aka ɗauke wuta aiki na tsaka, ka sake kunna ta, ba za ta koma farko ba, abin da ya riga ya wuce za ta tsallake. Ga yadda na rubuta: rsync -aHAX --numeric-ids, daga saiwa, wato /, zuwa /mnt/bakap/sabar. Na cire /proc, /sys, /dev, /run da /tmp, don ba fayiloli na dindindin ba ne. Na kuma cire /mnt kanta.

Ɗalibi: Don me, Malam?

Malam: Don in ka bar ta, rsync za ta riƙa kwafar bakap tana zubawa cikin bakap har faifan ya cika. Sau biyu ake gudanar da ita. Zagayen farko ana cikin aiki, shi ne mai tsawo. Na biyu bayan an tsayar da manhajoji, mintuna kaɗan ne, don abin da ya canza kawai zai ɗauko.

Mu yi lissafin lokaci. Gigabait 500 ta tsohuwar kafar USB 2.0, a kan megabait 30 a daƙiƙa, ya haura awa huɗu da rabi. Ta USB 3.0, mai shuɗin baki, a kan megabait 100, bai kai awa ɗaya da rabi ba. Ƙananan fayiloli masu yawa suna ƙara jan lokaci. To ka tambayi kanka, batirin inbatarka zai kai? Mai sola ya fara da hantsi, kada ya fara da la'asar. Mai janareta ya duba mai tun kafin ya danna. In kuma watan Maris ne ko Afirilu, kun san zafin Zazzau, a sa wa faifan waje fanka, kada a ɗora shi a kan sabar.

Wanda zai iya kashe sabar na 'yan awoyi, ya ƙara da Clonezilla. Kyauta ce, a filasha ake sa ta a tayar da injin da ita, ta ɗauki hoton faifan dukansa har da wurin tashi, kuma inda aka yi rubutu kawai take kwafa. Ana iya yi da dd, amma ita har wurin da babu komai take bi, kuma in ka juya if da of, wato inda ake ɗauka da inda ake zubawa, faifan da babu komai ne zai hau kan mai kayan. Ban ba sabon hannu shawarar ta ba.

An gama kwafa, saura gwaji, kuma ba na yarda a tsallake shi ko dare ya yi. Sake gudanar da rsync da -n da -c da -v: ba za ta rubuta komai ba, za ta gwada abin da ke cikin kowane fayil da ɗan uwansa, ta faɗi wanda ya bambanta. Sannan ka ɗauki fayil ɗin mysqldump ka zuba shi a wata kwamfuta, ko cikin VirtualBox, mai tayar da kwamfuta a cikin kwamfuta, a laftof ɗinka. Ƙirga layukan babban tebur a can da nan. Nemo sunan mutumin ƙarshe da aka shigar jiya. Buɗe takarda ɗaya, hoto ɗaya. Sai idonka ya gani.

Masu wannan aiki suna da ƙa'idar 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam. Tura gigabait 500 ta intanet zai cinye data mai yawa, na sani. To tura rumbun bayanai da foldar /etc kawai, bayan ka kulle su da gpg, don bayanan mutane amana ne. Faifan bakap na biyu kuma, in sabar tana Kongo, ya kwana a Tudun Wada.

Yanzu ku kalli hannuna. Na rubuta umount /mnt/bakap, na zare kebul ɗin, na sa faifan a durowa. Dalili shi ne sunayen sdb da sdc suna iya sauyawa idan aka haɗa sabon faifai aka sake kunnawa, umarnin da ka nufi sabo da shi ya faɗa wa bakap.

Faɗaɗawar kanta gajeriya ce. Sabon faifan terabait 4 ne, don haka teburin fatishan irin na GPT za a yi masa, tsohon irin, MBR, ba ya wuce terabait 2. Na sake duba lsblk, na tabbatar da girmansa. Da yake sabar nan tana kan LVM, sai pvcreate, sai vgextend, sai lvextend da -r, wanda zai miƙe tsarin fayil ɗin a tafiya ɗaya. Mai XFS ya auna da kyau kafin ya ba da wuri, domin ana ƙara masa girma amma ba a rage shi. Ga df -h, kashi 98 ya sauko ƙasa da 12.

Ɗalibi: Shi ke nan sai a goge faifan waje a yi wani aikin da shi, Malam?

Malam: A'a, bar shi a durowa. Yanzu bayananmu sun bazu a kan faifai biyu, tsoho da sabo, kuma in ɗaya ya mutu duka abin ya tafi. A darasi na gaba za mu sa cron, mai gudanar da aiki a kan lokaci, ta riƙa yin wannan kwafin kowane dare. Wassalamu alaikum.