Ƙaura zuwa sabuwar sigar GTK da Qt: ina wahalar take?

Assalamu alaikum warahmatullah. Malamai, ɗalibai da 'yan'uwa masu rubuta manhaja, barkanmu da zuwa.

GTK da Qt laburare ne, wato tarin kod da aka riga aka rubuta, wanda manhajoji ke dogaro da shi wajen gina tagogi da maɓallansu. Mu fara da lissafi. GTK 3.0 ya fito a Fabrairun 2011. GIMP, manhajar gyaran hoto wadda tun asali dominta aka ƙirƙiro GTK, sai a Maris 2025 ta saki sigar 3.0 da ke kan GTK 3. Shekara 14 ke nan, kuma kafin ta iso, GTK 4 ya riga ya fito tun Disambar 2020. Gaskiya ne masu GIMP sun haɗa da wasu manyan ayyuka a ciki, amma ba su kaɗai ba ne. Inkscape, manhajar zane, sai 2020 ta ƙaura zuwa GTK 3, Xfce kuma, wato wani tsarin fuskar kwamfuta, sai sigar 4.14 a 2019. A ɓangaren Qt, sigar 6.0 ta fito a Disambar 2020, KDE Plasma 6, fuskar kwamfutar da aka gina a kan Qt, ta biyo a Fabrairun 2024. Waɗannan mutane ba ragwaye ba ne. To me ke cinye shekarun?

Laburare yana ɗaukar wa masu dogaro da shi alkawari iri uku. Na farko shi ne API: sunayen fanshin (guntayen kod da ake kira su yi wani aiki) da abin da ake miƙa musu. Idan ya karye, kod ɗinka ba zai harhaɗu ya zama manhaja ba, kwamfuta za ta nuna maka layin da matsalar take. Wannan shi ne mai sauƙi, domin yana da ƙara.

Na biyu ABI ne, wato yarjejeniyar da ke tsakanin laburare da manhajar da aka riga aka harhaɗa. Ku ɗauki tsarin bayanai mai lamba biyu, kowace bayit 4, jimilla bayit 8. Mai laburare ya ƙara lamba ta uku, ya zama 12. Tsohuwar manhaja har yanzu wurin 8 take keɓewa, laburare kuwa 12 yake rubutawa. Bayit 4 ɗin nan sai su hau kan kayan maƙwabci a memori. Manhajar ba lallai ta faɗi nan take ba. Tana iya yin awa guda lafiya, sai mutum ya danna adanawa ta rushe, a wurin da babu abin da ya haɗa shi da asalin ɓarnar. Shi ya sa Qt ke ɓoye cikin yawancin azuzuwansa bayan manuni guda ɗaya, dabarar da suke kira d-pointer: girman da ake gani daga waje ba ya canzawa, su kuma su yi ta gyara a ciki. GTK 2 ya bar cikinsa a buɗe, mutane suna rubuta widget->window kai tsaye. GTK 3 ya rufe, dole ka kira gtk_widget_get_window(). Gyara ne mai kyau ƙwarai, amma duk layin da ya taɓa shiga ta tsohuwar ƙofa sai an bi shi.

Na uku, wanda ya fi cutarwa, shi ne hali. Suna bai canza ba, girma bai canza ba, amma abin da fanshin ke yi ya sauya. A 2010, glibc, babban laburaren C na Linux, ya sauya yadda memcpy, fanshin kwafar bayanai a memori, ke kwafa a kan wasu na'urori, sai sautin Flash, manhajar kunna bidiyo a shafukan intanet, ya fara ƙarce. A ƙa'ida Flash ne ya yi kuskure, domin ya miƙa wurare masu hawa kan juna. Amma mai sauraro bai san ƙa'ida ba, abin da ya sani jiya yana aiki, yau ba ya yi. A glibc 2.14 aka ba sabon memcpy alamar sigarsa daban, tsofaffin manhajoji suka ci gaba da samun mai haƙuri da su. Haka GTK 3.20 a 2016 ya sake tsarin CSS na cikinsa, wato ƙa'idojin launi da fasali, jigogin ado da yawa suka lalace, alhali lambar babbar siga tana nan 3.

Yanzu aikin ƙaurar kansa. Abin da nake so ku tafi da shi: yawancin aikin a kan tsohuwar siga ake yin sa. Wanda ya canza laburare a rana ɗaya zai tarar da kurakurai dubu, manhajar ba ta tashi, babu yadda zai gwada ko gyaransa daidai ne. Da sannu ake bi. Ka fara hawa sigar ƙarshe ta tsohon layi: 2.24 idan za ka GTK 3, 3.24 idan za ka GTK 4, 5.15 idan za ka Qt 6. Sannan ka sa mai harhaɗa kod ya ƙi duk abin da aka ce za a cire. A GTK 2 ana kunna GTK_DISABLE_DEPRECATED da GSEAL_ENABLE, a Qt 5 ana sa QT_DISABLE_DEPRECATED_BEFORE a 0x050F00. Ka gyara fayil ɗaya, ka gwada, ka ajiye, manhajar tana aiki kullum.

Kafin nan ma, ka duba abokan tafiyarka. GTK 2 da GTK 3 ba sa zama a cikin manhaja ɗaya mai gudana, domin sunayen fanshin ɗinsu iri ɗaya ne, kuma GTK da kansa zai tsayar da ita idan ya gano. Ke nan idan fulogin (ƙarin da ake jona wa manhaja) ɗaya ko ƙaramin laburare ɗaya da kake jingina da shi bai ƙaura ba, kai ma ka tsaya. Qt 6.0 ya fito babu WebEngine, sashensa mai nuna shafukan intanet, sai a 6.2 a 2021 ya dawo. Duk mai nuna shafin intanet a cikin tagarsa sai da ya jira.

Sai sauran da ba a gyara su da sauya suna. Ku dubi gtk_dialog_run(), wanda GTK 4 ya cire. A da kana rubuta: buɗe tagar tambaya, jira amsa, idan ya ce eh ka goge fayil. Layi uku a jere. Yanzu babu jira. Fanshin ɗinka zai rabu biyu, rabi ya buɗe tagar ya fita, rabi a kira shi idan amsa ta zo. Sunan fayil ɗin da ke hannun rabin farko sai an nema masa ma'ajiya, an kuma san wanda zai saki memorinsa. Kuma kafin amsa ta zo, mutum na iya rufe takardar gaba ɗaya, rabi na biyu ya zo ya tarar babu kowa a gida. Manhaja mai tagogin tambaya 60 za ta yi wannan tunani sau 60. Masu GTK suna da hujja, domin tsohon jiran yana ɓoye irin wannan haɗarin ne a ƙarƙashinsa. Hujjar dai ba ta rage aikin.

A GTK 4 ɗin an kuma cire GtkContainer, GtkMenu da GtkToolbar, an cire gtk_window_move() saboda a Wayland, sabon tsarin nuna tagogi a Linux, manhaja ba ta zaɓar inda tagarta za ta zauna. Fayilolin fuska akwai mataimaki, gtk4-builder-tool simplify --3to4, amma ba ya taɓa kod. A Qt 6 abin ya fi sauƙi: QRegExp (mai gwada rubutu da wani tsari) da QTextCodec sun koma Qt5Compat, ma'ajiyar tsofaffin kayan Qt 5, don ka samu lokaci. Sai dai a kula, QRegularExpression, magajin QRegExp, ba shi da exactMatch(). Wanda ya sauya suna kawai bai ɗaure tsarin da anchoredPattern() ba, zai karɓi rubutun da a da ake ƙi, kuma babu gargaɗi ko ɗaya.

Ra'ayina ga masu laburare a bayyane yake. Karya alkawari wani lokaci dole ne, amma mai karyawa ɗaya ne, masu kwashe tarkace ɗaruruwa, yawancinsu 'yan sa kai masu aiki da dare. Don haka a yi gargaɗi tun a tsohuwar siga, a kawo madadin a cikinta, a canza sunan fayil yadda libgtk-3.so.0 da libgtk-4.so.1 ke zama tare a kwamfuta ɗaya, a kuma gudanar da abidiff, mai gano sauyin ABI, kafin kowace fitarwa.

Wani ɗan'uwa ya tambaya: me zai hana a ƙunshe tsohon laburare tare da manhajar a irin ƙunshin Flatpak ko AppImage a huta? Ana yi, kuma yana sayen lokaci. Amma GTK 2 an daina kula da shi tun fitowar GTK 4, bai san Wayland ba, bai iya faɗaɗa fuska a kan allo mai tsananin kaifi ba. Duk ɓarakar tsaro da aka gano a cikinsa, wanda ya ƙunshe shi ne zai toshe ta da hannunsa.

Akwai wata tambayar daga baya? Bismillah.