Igiya Uku da Takardar Shekara: Yaushe Ake Fara Auna Sabon Saje?

Wani tsohon samanja ne ya gabatar da wannan lacca a zauren taron al'ummar Hausawa a Agege, Legas, aka rubuto ta daga abin da aka naɗa.

Assalamu alaikum. Ina godiya ga dattawan da suka shirya wannan zama, ina kuma neman afuwar waɗanda suka taso tun daga Ojo da Idi-Araba suka riga ni isowa, alhali ni daga Ikeja kawai na fito. Abubuwa huɗu zan taɓa game da yadda ake auna aikin sojan da bai daɗe da samun igiya uku ba: yaushe ake fara ƙirga masa lokaci, wa ke rubuta rahoton, me ake dubawa, sannan ina takardar take zuwa. Da rundunar sojan ƙasa ta Amurka zan yi misali, domin dokarsu a buga take, lambarta AR 623-3, kuma duk mai intanet yana iya karanta ta.

Na farko shi ne lokaci. A wurinsu, sai soja ya kai saje ake fara rubuta masa rahoton da suke kira NCOER. Ranar da ƙarin girman ya fara aiki a hukumance, ranar ake fara ƙirga, ba ranar da abokai suka taru aka ci tsire ba. Idan ya cika wata 12, sai a rubuta masa rahoton shekara. Idan kuwa aka sauya masa shugaba kafin shekarar ta cika, to, muddin ya yi kwana 90 a ƙarƙashin wanda zai tafi, wajibi ne wannan ya rubuta masa rahoto kafin ya ɗauki jakarsa. In bai kai kwana 90 ba, ba a yarda ya rubuta komai ba, domin bai san mutumin ba tukuna.

Amma abin da ya kawo ni nan, gaskiya, shi ne kwana 30 na farko. Dokar ta ce a cikin kwana 30 da fara ƙirga lokaci, dole shugaban ya zaunar da sabon sajen, su biyu, da takarda a gabansu mai lamba DA 2166-9-1A, ya gaya masa dalla-dalla: ga aikinka, ga yaran da ke hannunka, ga kayan da za a tambaye ka in sun ɓace, ga kuma abin da nake nufi idan na ce aiki ya yi kyau. Daga nan kuma duk bayan wata uku sai a sake zama, a duba inda aka kwana. Ku lura, zama ake yi. Tsawa a filin fareti ba zama ba ce, kuma "ka gane ko?" da ake jefa wa mutum a bakin ƙofar ofis ba nasiha ba ce.

Me ya sa na dage a kan wannan? Jiya-jiyan nan mutumin yana kwana ɗaki ɗaya da yaran nan, suna cin abinci a kwano ɗaya, suna bin juna bashi a kasuwar mami. Yau an ce shi ne zai tashe su da asuba, shi ne zai kai sunan wanda ya makara. Igiyar ta hau riga a rana ɗaya, amma iya riƙe ta sai an koya. Ni kaina, shekarar da na samu igiya uku, a wani barikin da ba zan ambata ba, babu wanda ya zaunar da ni. Da shekara ta ƙare sai na ga an rubuta cewa littafin sito bai daidaita ba. Wane sito? Ashe tun ranar da wanda na gada ya miƙo mini wani makulli ɗaure da jan zare, ya ce "riƙe wannan", siton ya zama nawa, da barguna da kwalkwalin da ke cikinsa, har da waɗanda suka yi ƙafa tun kafin zuwana. Kuna dariya, amma a lokacin ban yi dariya ba. Da an yi mini zaman rabin awa a watan farko, da na ƙirga kayan nan a gaban shaida. Hausawa suka ce tun ran gini tun ran zane. Kuma kada ku ɗauka su Amurkawan mala'iku ne. Su ma sojojinsu suna ƙorafin shugaban da ba ya yin zaman, sai shekara ta zo ƙarshe ya cike ranakun duka a zama ɗaya, ya ce a sa hannu. Takarda ta cika, amma sajen bai ƙaru da komai ba.

Na uku, ko na biyu ne? Mai gabatarwa yana nuna mini agogo, bari in haɗe sauran. Mutum biyu ne ginshiƙin rahoton. Shugaban da ke kansa kai tsaye yana duba abu shida: hali, kwarjini da ƙoshin jiki, basira, jagoranci, horar da na ƙasa, da cim ma aikin da aka ba shi. A fom ɗin saje, wanda aka fara aiki da shi a watan Janairun 2016, zaɓi biyu ne kawai a gaban kowanne: ya cika mizani, ko bai cika ba. Na gaba da wannan shugaban kuma shi ke faɗin ko mutumin zai iya ɗaukar nauyin da ya fi wannan, a matakai huɗu. Daga sitaf saje zuwa sama an ƙayyade masa cewa waɗanda zai ba mataki mafi girma kada su wuce kashi 24 cikin 100, amma ba a sa wa saje wannan ƙaidin ba. Daga nan takardar ta tafi ofishin ma'aikatan rundunar da ke Fort Knox, a jihar Kentaki, cikin kwana 90 da rufe rahoton.

(Wani matashi daga baya ya ɗaga hannu: "Baba, Allah ya ƙara girma. To idan ogan yana riƙe da mutum a zuci fa, ya rubuta masa sharri? Sai ya ƙi sa hannu?")

Ɗana, tambayarka ta fi na huɗun da na tanada. Ƙin sa hannu ba ya tsayar da takardar. Za a rubuta cewa ka ƙi, ta wuce abinta. A dokarsu, sa hannun saje shaida ce cewa ya ga rahoton, kuma suna da lamba da ranaku daidai suke, ba wai ya yarda da hukuncin ba. Idan yana ganin an zalunce shi, yana iya neman kwamanda ya bincika, yana kuma da shekara uku na ɗaukaka ƙara a kan abin da aka rubuta. Sai dai nauyin kawo hujja a kansa yake, kuma masu duba ƙarar ba su san shi ba, ba su san ogan ba, takardu kawai za su gani. Da me zai je musu? Da kwafin zaman nan na kwana 30 da na kowane wata uku, in ya ajiye. Akwai wani mai tambaya a wancan gefen, a miƙa masa lasifikar.